Ranar da Sambo Ya Riƙe Weji

Cikin duk kwanakin da na yi a bayan sitiyari, akwai rana guda da ba ta taɓa fita daga raina ba, ranar da na damƙa wa Sambo na Dalijan weji a gindin wani dutse na ƙasar Togo. Ku da kuke zaune a tashar nan ta Kalgo kuna jiran lodi, wasunku ma ba su taɓa ganin weji da idonsu ba. Kun sami birkin iska, kun sami madubi hagu da dama, kun sami kwalta, amma rami ɗaya ya girgiza ku sai ku wuni kuna ƙorafi. To ku gyara zama ku ji.

Ƙarshen damina ne, wajen 1955, kafin Gana ta sami 'yancin kai. Mu a lokacin Gwanja muke ce wa duk yankin har Kumasi. Ina tuƙa motar wani attajirin goro na Gwandu, tsohuwar motar soja ce da ya saya bayan yaƙi, kafinta ya yi mata bodin katako da bencina. Ita ce bas ɗinmu. Mukan loda albasa da bandar kifi da kanwa, mutane su zauna a tsakani gwiwa na gogar gwiwa. Mu tashi daga Gwandu, mu cike a nan Kalgo, mu bi ta Kamba mu shiga ƙasar da Faransa ke mulki a Gaya. Jirgin fito ya ƙetarar da mu Kwara, sai Dahome, sai Togo, sannan Gwanja. Mu sauke, mu ɗauko goro mu juyo.

A wancan zamani mu hannun hagu muke bi a gida, su kuwa 'yan ƙasar Faransa dama suke bi. Sitiyarina yana dama. Ke nan da zarar mun ƙetare iyaka, ni ne a bakin hanya. A fili wannan ba komai ba ne. A kan dutse kuwa, in na leƙa ta taga, ba na ganin ƙasa a ƙarƙashin gwiwar hannuna, sai kan itatuwa can ƙasa. Mu kuma mutanen fadama ne. Abin da muke kira dutse a Gwandu, in ka kai shi can ko sunan tudu ba zai samu ba.

Bari in bayyana muku aikin weji, don shi ne kan labarin. Guntun icce ne mai nauyi, an fafe shi gefe ɗaya tudu gefe ɗaya gangare, da doguwar mariƙa. Aikin karen mota ne, wato mataimakin direba. In aka zo babban hawa, fasinja duka su sauka su yi gaba a ƙasa, ba a yarda kowa ya bi bayan mota. Mota ta kama hawa da giya ta ɗaya, karen mota yana tafiya kusa da tayar baya da weji a hannu. Kafin a kai sama dole inji ya tafasa, dole a tsaya a ba shi ruwa. Birkin zamanin kuwa ba ya riƙe mota da kaya a gangare sai na ɗan lokaci, birkin hannu ma ado ne kawai. Don haka direba zai taka birki ya ce, "Weji!" Karen mota ya cusa shi a bayan taya, in ya kama ya amsa da ƙarfi, "Ya ci!" Sai direba ya ɗaga ƙafarsa a hankali mota ta zauna a kan iccen. In bai kama ba ya ce, "Riƙe!" a kira mutane su kawo duwatsu. Direba ba ya ganin komai a baya, bodi da kaya sun tare. Duk aikin nan da murya ake yin sa.

Karen motata Na'Allah ne, magidanci da ya girme ni, mun daɗe tare. Tun muna Dahome kurkunu ya fito masa a idon sawu, ƙafar ta kumbura har ba ya iya taka ta. Na mai da shi gidan gaba kusa da ni. Muna tafiya ina tunanin wa zan ba weji in mun iso dutsen.

A cikin fasinja akwai Fulani biyu daga wata ruga kusa da Dalijan. Ardo Jaɓɓi tsoho ne dogo, siriri, da farin rawani. Fatake sun kawo masa labarin cewa ƙanensa, wanda ya bi shanu ya zauna a Gwanja tun suna samari, yana kwance ba lafiya, shi ne ya ce sai ya gan shi. Mai rakiyarsa shi ne Sambo, mijin babbar 'yarsa, ƙaƙƙarfan makiyayi mai 'ya'ya. Sambo na san shi tun muna yara. Gidanmu gidan maƙera ne, mu muke yi wa rugarsu gatari da wuƙa tun kakanni, wasa kuma yake tsakaninmu. Ban taɓa ganinsa ban tsokane shi ba, shi ma bai taɓa raga mini ba.

Amma a wannan tafiya Sambo ya zama wani mutum dabam. Kun dai san kunyar suruki a wurin Fulani, to tasu ta fi ta kowa. Ardo ya zauna a can wutsiyar mota don ya sha iska, Sambo ya zauna a bencin farko ya ba shi baya. In an tsaya cin abinci, Sambo zai dama wa tsohon fura, ya ba wani ya miƙa masa, shi kuma ya ɗauki tasa ya shige bayan kalgo inda ba mai ganinsa. Ko ruwa ba ya sha a gabansa. In Ardo yana son wani abu sai ya dubi sama ya ce, "A ce wa mutumin ga shi miƙo buta." Sambo yana nan tsaye yana ji, amma sai wani ya maimaita masa.

Ni kuwa na sami abin yi. Nakan bi shi bayan kalgon in kira shi da sunan da muke tsokanar Fulani, in ce, "Agwai, sata kaka yi ko cin abinci? Bari in kira Ardo shi gani."

Ya ce, "Maƙeri, wallahi in kak kira shi sai na zuba ma hurag ga cikin tankin mai."

Akwai kuma Inna Kulu, 'yar Kalgo, mai fataucin bandar kifi. Ta fi ni sanin hanyar, bakinta kuma ba ya hutawa. Ita ce ta zama 'yar aike tsakanin surukan nan, tana kai saƙo tana ƙara nata a kai.

Mun iso gindin dutsen da hantsi. An yi ruwa da asuba, jar tsakuwar hanyar tana ƙyalli. Na tsaya inda aka saba tsayawa, muka cika garewani da ruwa a wani rafi, na ce kowa ya sauka. Na dubi mazan da nake da su. Yawancinsu manoma ne 'yan cin rani, ba su taɓa fita ƙasar Gwandu ba, sun ɗaga kai suna kallon hanyar tana lanƙwashewa a jikin dutse suna ta salati. Wanda na ga idonsa bai raina fata ba Sambo ne. Mutumin da yake kayar da bijimi shi kaɗai, kuma ya saba wuni yana tafiya a bayan dabba.

Na ce, "Agwai, zo in mai da kai mutum yau. Ga saniya ta ƙarhe, ka iya bin ta?"

Ya ce, "In dai ba ta harbi."

Na'Allah ya leƙo ta taga ya koya masa yadda ake riƙon mariƙa da yadda ake cusawa, ya nanata masa cewa kada ya kuskura ya sa jikinsa a bayan taya. Daidai lokacin Ardo ya sauka da ƙyar ya zagaya bayan duwatsu da butarsa. Na ce wa Sambo mu gwada. Na ce, "Weji!" Ya buɗe maƙogwaro ya ce, "Ya ci!" Wallahi sai da dutsen ya amsa. Muryar kiran shanu ce daga wannan gaɓar fadama zuwa waccan. Inna Kulu ta dafe ƙirji ta ce ya kusa ɓarar mata da hanji. Na ce alhamdu lillahi, ko Na'Allah ba shi da rabin wannan murya.

Da Ardo ya dawo sai muka ga ba zai iya hawan nan da ƙafa ba. Gwiwoyinsa sun kumbura saboda zaman mota. Na ce, "Baffa, ka dawo gaba mu matsa ma." Ya ce warin fetur yana tayar masa da zuciya, a bar shi inda ya saba. Aka ɗora shi a wurinsa na wutsiya, ta hagu, daidai saman tayar da mai weji zai bi.

Sambo ya matso kusa da taga, ya rage murya ya ce, "Maƙeri, ba a maida tsoho gaba?"

Na ce, "Ya ƙiya. Kai dai bi tayarka, ba cizo shikai ba."

Ya tsaya kamar zai ƙara magana, sai ya sunkuyar da kai ya koma baya. Ni hankalina yana kan inji da hanya. Na'Allah ya yi bisimilla, fasinja suka yi gaba, muka kama hawa.

Wanda bai hau irin wannan hanya ba ba zai gane ba. Faɗinta mota ɗaya da 'yan kai. Hagu bangon dutse, ruwa yana tsattsafowa daga jikinsa, dama kuwa ba komai, ko ɗan shinge babu. A wata lanƙwasa na hango ƙarafan wata mota can ƙasa, ciyawa ta fito ta cikinsu, na kau da ido. Mota tana nishi tana jan ciki, tafiyar mutum ma ta fi ta sauri. Ba mu yi nisa ba tururi ya fara fita ta hancinta.

Na taka birki na ce, "Weji!"

Ban ji amsa ba. Sai na ji an ƙwanƙwasa bodi da sanda, ƙwas ƙwas. Na ɗaga ƙafa a hankali, mota ta zauna daram. Na ce wa Na'Allah, "Ka ji Bafillace, hawa ya cinye mai murya." Muka yi dariya. Na sauka na ba inji ruwa, na leƙa baya na ga Sambo tsaye kansa a ƙasa, Ardo a sama yana jan carbi yana kallon wani wuri. Na ce, "Agwai, da baki aka amsawa." Ya gyaɗa kai. Muka ci gaba.

Tsayawa ta biyu ta same mu a mafi munin wuri. Hanyar ta miƙe tsaye, a bayanmu kuma lanƙwasa ce. In mota ta gangara baya ba za ta bi lanƙwasar ba, kai tsaye za ta wuce bakin ramin, da ni da Na'Allah da Ardo. Ban so tsayawa a nan ba, amma inji ya fara ƙara irin ta ƙarfe a maƙera, na san in na matsa masa zai mutu a hannuna. Fasinja sun riga sun sha kwana ta gaba, ba ma ganinsu.

Na taka birki da duk ƙarfina na ce, "Weji!"

Shiru. Ba murya, ba sanda.

Na sake cewa, "Sambo! Weji!" Ba abin da nake ji sai tafasar ruwa a lagireto. Na'Allah ya zura kai ta tagarsa har kafaɗa, ya ce buhunan albasa sun tare, ba ya ganin komai. Ƙafarsa kuma ba ta sauka. Ni ba ni da halin ɗaga tawa. Ina jin motar tana zamewa baya kaɗan kaɗan a ƙarƙashina, tsakuwa tana ƙara a ƙarƙashin tayoyi.

Na'Allah ya ce, "Maigida, ƙila ya ci, sandatai ta ta hwaɗi. Sassauta kaɗan ka ji."

Abin da kowane direba zai yi ke nan, shi na yi. Na sassauta kamar faɗin yatsa. To weji in ya ci, a ƙugunka kake jin sa, tsayawa ce ƙam, icce da ƙasa. Abin da na ji a ranar ba haka ba ne. Motar ta tsaya, amma da wani irin taushi, kamar ta hau abin da yake ba da kai. Na mai da ƙafa na danne har bayana ya bar kujera, na ce wa Na'Allah akwai abin da ke ƙarƙashin tayar nan da ba icce ba.

Sai muka ji kururuwa.

Doguwa ce, siririya, irin wadda makiyaya suke yi in kura ta faɗa garke. Ta bi jikin dutsen ta dawo. Na ɗauka Sambo ne, sai da magana ta biyo baya na gane muryar. Tun daga Gwandu ban ji muryar Ardo ta wuce ta mai lazimi ba. Ga shi yau yana tsaga maƙogwaro.

"Jama'a! Ku kawo duwatsu! Ɗana na ƙarƙashi! Ɗan maƙera, riƙe, kak ka saki! Ɗana na!"

Allah ya ba mutanen nan lada. Manoman da suke ta salati a gindin dutse, su ne suka gangaro da gudu, wasu ba takalmi, Inna Kulu a tsakiyarsu ta ɗaure gyale a ƙugu tana ba da umarni. Suka wuce ni ta gefen bango. Ina jin faɗuwar duwatsu a bayan ɗaya tayar, ina jin Inna tana cewa a ƙaro manya. Ban san tsawon lokacin ba, na dai san na daina jin ƙafata. Can ta ƙwala mini kira ta ce duwatsu sun kama, amma sai na ja gaba kaɗan kafin a iya zare shi. Mazan suka sa kafaɗa a bodi. Na ce wa motar, ke dai yau ki rufa mini asiri. Na ba ta wuta na saki kuloci, ta yi kuka, ta girgiza, ta matsa kamar taki guda. Aka bi ta da duwatsu ta zauna. Na kashe inji, na sauko na zagaya baya.

Abin da ya faru a baya shi ne wannan. Da Sambo ya cusa weji, jiƙaƙƙiyar tsakuwa ta ƙi riƙe shi, taya tana tura shi yana zamewa. Maimakon ya ce "Riƙe," sai ya yar da sandarsa ya kama mariƙa da hannu biyu, ya kafa ƙafarsa ta dama a bayan iccen ya tokare. Weji ya hau kan ƙafar ya danne ta da ƙasa, nauyin mota yana bisa. Shi ya sa ban ji sanda ba, hannuwan ba su da sarari. Bakin kuwa yana da sarari, amma surukinsa yana zaune a saman kansa.

Na same shi zaune a ƙasa, an janye shi jikin bango. Takalminsa na fata ya tsage, gaban ƙafar ya dagargaje, jini ya haɗu da jar ƙasa. Ya ciji leɓensa har ya fashe. Har a lokacin mariƙar weji tana hannunsa, sai da aka ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Ko uffan bai ce ba. Ya sunkuyar da kai kamar wanda aka kama da laifi.

Ardo kuwa ba wanda ya ga lokacin da ya sauko. Tsohon da sai an ɗaga shi, ga shi a ƙasa, rawani ya warware, tafin hannunsa ya kuje wurin jan dutse.

Inna Kulu ta fara da ni. "Kai ɗan nan, idonka na mi na? Tun Gwandu kana ganin mutum ba shi ko shan ruwa gaban surukinai, kaɗ ɗauko shi ka aje ƙarƙashin ƙahwatai kac ce shi yi ihu?" Ta juya kan Sambo. "Kai kuma, kunya ta aka ci? Da ka mutu, ɗiyanka kunya za su sha da sahe?" Tana faɗa tana hawaye tana jiƙa gishiri a ƙwarya. Ta juya za ta kama Ardo, ta dube shi, sai ta fasa.

Ardo ya karɓi ƙwaryar daga hannunta. Ya durƙusa da waɗannan gwiwoyi nasa a gaban mijin 'yarsa, ya wanke ƙafar da hannunsa, ya yage rawaninsa ya naɗe ta tsaf, irin ɗaurin da suke yi wa maraƙi in ya karye. Duk wannan aiki fuskarsa tana kallon bangon dutse, Sambo kuma yana kallon rami. Ruwan gishiri yana shiga raunin, jijiyoyin wuyan Sambo suna miƙewa, gumi yana zuba, amma ko numfashi mai ƙarfi bai yi ba. Ni da na zo da shirin zagin Sambo, sai na fasa. Ban taɓa jin ƙaunar mutum da haushinsa a lokaci guda kamar ranar ba.

Wani daga cikin manoman ya karɓi weji, Inna Kulu ta ce ita za ta bi shi ta riƙa amsawa, tunda Allah ya hore mata baki. Muna shirin tashi sai Ardo ya yafuto ni gefe. Muryarsa ta dishe, da ƙyar take fita.

Ya ce, "Ɗan maƙera, ka sa mutumin ga gaba, kusa da kai. Ka ruhe ƙohwa."

Na ce, "To, Baffa."

Ya ce, "Ni ina komawa wurina can baya. In kun tashi, ka bar injin ga shi yi ta ruri, kak ka tausaya mai. Ni kunnena ya tsuhwa, dama ba ni jin komi."

Na dube shi. Mutumin da yake jin motsin maraƙi a cikin gero, yau shi ne kurma. Ban gane nufinsa ba, na dai ce to.

Aka ɗauko Sambo aka sa shi tsakanina da Na'Allah, aka ɗora ƙafar a kan buhu. Aka juya inji ya tashi, muka kama sauran hawan. Yana zaune a sandare, ya dafe gwiwa da hannu biyu, idonsa a kan hanya. Da muka sha kwana ya ɗan karkato ya ce a hankali, "Maƙeri, shina jin mu?"

A nan ne maganar tsohon ta faɗo mini. Na danna totur har ƙasa, inji ya cika duniya da ƙara. Na ce, "Ko ni da ƙyat nika jin ka."

Sai ya saki. Ban taɓa jin babban mutum ya yi irin wannan kuka ba. Ya kira Allah, ya kira innarsa, ya yi da Fillanci ya yi da Hausa, ya kama hannun Na'Allah ya matse har shi ma ya taya shi. Ni ina riƙe da sitiyari, hawaye yana hana ni ganin hanya, ina sharewa da kafaɗa, ƙafata tana kan totur. Ko inda hanya ta ɗan kwanta ya kamata in canza giya, ban canza ba. Da muka hango sararin da ke saman dutsen, inda fasinja suke jiranmu, ya share fuskarsa da hular Na'Allah, ya gyara zama, ya koma Sambon da aka sani.

Kafin in kashe inji na ce masa, "Agwai, don Allah mi ya hana ka magana? Da motag ga ta murƙushe ka hwa?"

Ya ce, "Na buɗe baki, sai niɗ ɗaga kai nig ga rawaninai." Sannan ya ce, "Da ta murƙushe ni, ai da ta tsaya. Ba ta tahiya da tsoho."

A garin da ke gaba akwai ɗakin shan magani, ma'aikacin wurin ya cire masa yatsu biyu ya ɗinke sauran. Ardo ya iske ƙanensa da rai, sun gana. Bayan wata da wani abu na ɗauko su muka dawo gida, tsoho a wutsiya, Sambo a bencin farko ya ba shi baya, kamar ba abin da ya taɓa faruwa. Ya koma kiwonsa yana ɗingishi, na kuwa samu sabon abin tsokana har tsufanmu.

Abin da nake so ku ɗauka shi ne, aikin nan namu ba sanin inji kaɗai ba ne. Mutanen da kuke lodawa, kowa da abin da ya taso da shi daga gidansu, kuma ba ya sauke shi don ya shiga mota. Tun daga ranar, kafin in ba mutum wani aiki a hanya sai na san wa yake jin nauyi a cikin motar, kuma ban ƙara ɗaukar shirun fasinja a matsayin lafiya ba. Wanda ya fi kowa shiru, shi nake fara dubawa.

Na kuma koyi cewa direba yana da abin da zai ji da abin da bai kamata ya ji ba. Inna Kulu ta sha tsare ni tana tambaya ko Bafillacen nan ya yi ko ɗan nishi da muka sa shi gaba. Kullum amsata ɗaya ce, inji ya cika ƙara, ban ji komai ba. Na'Allah ma haka ya riƙa faɗa har ya koma ga Allah. Ku ne na farko da na gaya wa, don su duka sun riga mu gidan gaskiya, ba sauran wanda zai ji kunya. Allah ya jiƙansu, ya sa sun huta.